Turaren Hatsi da Iskar Fosfin a Manyan Rumbunan Zamani

1.0 Gabatarwa

Ajiyar hatsi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Manomi kan jibge gero da dawa a rumbu dami-dami ba tare da sussuka ba, ya cuɗa wake da toka ko rairayi, wani kuma ya haɗa da barkono ko ganyen darbejiya. Waɗannan dabaru sun wadatar muddin abin da ake ajiyewa bai wuce cimar gida ba. Amma da ajiya ta koma ta dubban tan a wuri guda, sai toka da barkono suka gaza. Tun zamanin dalar gyaɗa a Kano aka fara ganin haka, lokacin da ƙwaron nan Trogoderma ya addabi buhunan da ke jiran jirgin ƙasa, har ta kai ana lulluɓe dala da tamfol a sakar mata iska mai guba. Cibiyar binciken adana amfanin gona da ke da hedkwata a Ilorin ma daga irin wannan buƙata ta tsiro, domin asalinta wani sashen bincike ne na Afirka ta Yamma da aka kafa a 1948.

A 1987 gwamnatin tarayya ta fara shirin tanadin hatsi don ranar buƙata, aka shiga gina rumbunan ƙarfe a garuruwa irin su Minna da Gombe, kowace farfajiya mai cin tan 25,000, daga baya kuma aka yi manya masu cin tan 100,000 kamar ta Kwali a yankin Abuja. A 2018 gwamnati ta amince da ba 'yan kasuwa hayar 20 daga cikin waɗannan farfajiyoyi. Ga kuma rumbunan kamfanonin fulawa da na abincin kaji. A mafi yawan irin waɗannan wurare, a nan da sauran ƙasashen duniya, da iskar fosfin ake kashe ƙwarin hatsi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan iska take aiki, ta kuma nuna cewa matsaloli biyu da ake ɗauka daban-daban, wato rashin mutuwar ƙwari da mutuwar mutane, daga kafa ɗaya suke shigowa. Wannan kafa ita ce yoyo.

2.0 Turare, ba feshi ba

Ya kamata a fara gyara kalma. Sau da yawa a rediyo da kasuwa akan ji an ce “an yi wa hatsi feshi”, alhali ba a fesa komai ba. Feshi ruwa ne ko hoda da ke sauka a bayan ƙwayar hatsi ya zauna, kamar maganin da ake kira fiya-fiya, wanda samunsa fiye da ƙima a jikin wake ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da ake magana a kansa a nan kuwa iska ce da ke ratsa tsakanin hatsi, ta shiga har cikin ƙwayar inda tsutsa take, sa'an nan ta fice idan an buɗe. Kalmar da ta fi dacewa da wannan ita ce turare. Duk macen da ta taɓa turara tufafi ta san sai an rufe kwando da zane kafin hayaƙi ya kama, kuma ta san idan an bar kafa, maƙwabta ne za su sha ƙamshin. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da za a faɗa a gaba.

3.0 Iskar fosfin

Ba kasafai ake sayar da fosfin a matsayin iska ba. Ana sayar da sinadarin aluminiyam fosfaid ne, an curo shi ƙwaya-ƙwaya cikin gwangwani ko goran ƙarfe mai murfi. Sunan da ya fi shahara shi ne Phostoxin, na kamfanin Degesch na Jamus, har ya zama kowace ƙwaya irin wannan da sunan ake kiran ta ko da wani kamfani ne ya yi ta. Babbar ƙwaya nauyinta giram 3 ne, kuma tana fitar da giram 1 na iska. Ƙaramar kuwa giram 0.6 ce, tana fitar da giram 0.2. Da zarar ƙwaya ta haɗu da laimar da ke cikin iska sai ta fara rugujewa a hankali, fosfin yana tashi, a ƙarshe a bar wata hoda mai launin toka. Akwai kuma wadda ake kawowa cikin tukunyar gas, kashi 2 cikin 100 fosfin, saura iskar kabondayoksaid.

Dalilan da suka sa duniya ta rungumi wannan iska ba ɓoyayyu ba ne. Tana da araha, tana ratsa hatsi sosai, ba ta kashe iri idan an yi aiki da ita daidai, kuma bayan an shanya ba ta barin wani abin a zo a gani. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ƙayyade miligiram 0.1 a kowane kilo na hatsi. Bugu da ƙari, abokiyar takararta, wato metil buromaid, wadda aka riƙa turara dalar gyaɗa da ita, an gano tana cin shimfiɗar ozon da ke sararin sama. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ƙasashe masu arziki suka daina aiki da ita a 2005, masu tasowa kuma a 2015, in ban da kayan da ake turarawa a bakin iyaka da tashar jiragen ruwa. Fili ya zama na fosfin kusan ita kaɗai.

Tana da halaye uku da bai kamata a manta ba. Tana cin jan ƙarfe da azurfa da zinariya, saboda haka wayoyin lantarki da na'urorin auna zafi da aka bari a inda take sukan lalace. Tana kama wuta idan ta kai kimanin kashi 1.8 cikin 100 na iskar wuri, abin da kan faru idan an tara ƙwayoyi tuli guda ko ruwa ya zubo musu. Na uku kuma, ita kanta ba ta da launi ba ta da wari. Warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi da ake ji na wasu sinadarai ne da ke biyo ta, hatsi yana iya shanye su ya bar gubar ta wuce, hanci ma yakan gaji ya daina ji. Mutumin da ya ce “ai ba na jin wari” bai faɗi komai game da lafiyar wurin ba.

4.0 Kwana da rufi

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka za a ɗan tsaya.

Fosfin yana kashewa ne ta wajen hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar shaƙa. Ke nan, sai abu yana numfashi sosai yake cin sa da sauri. Baligin ƙwaro da tsutsa mai ci suna mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ƙwai, da tsutsar da ta daina ci ta kwanta tana rikiɗa zuwa ƙwaro, numfashinsu kaɗan ne ƙwarai, suna iya jure iskar kwanaki. Dabarar ita ce a riƙe iskar a cikin rumbu har sai ƙwai ya ƙyanƙyashe, mai kwanciya ya farka, kowa ya iske gubar tana jiran sa. Ƙa'idar da ake bi a Ostareliya, ƙasar da ta yi nisa a wannan fanni, ita ce iskar ta tsaya a kashi 300 cikin miliyan na tsawon kwana 7, ko kashi 200 na tsawon kwana 10, a kowane lungu na rumbun. Idan zafin hatsi ya gaza digiri 15 ba a yin aikin sam.

Abin lura shi ne, yawan ƙwaya ba ya maye gurbin kwana. Wanda ya ninka magani don ya buɗe rumbu bayan kwana uku ya yi asara biyu, domin iska mai yawa takan sumar da ƙwaro ya rage numfashi, in an buɗe ya farfaɗo. Haka kuma da faɗin cikin rumbu ake lissafin ƙwaya, ba da yawan hatsin da ke ciki ba. Rumbun da ke rabi da wanda ya cika, magani ɗaya suke ci, domin iska ba ta san inda hatsi ya tsaya ba.

To, yaya za a riƙe iska kwana bakwai ko goma cikin rumbun da aka harhaɗa da falankin ƙarfe da dubban kusoshi? Yawancin rumbunan ƙarfe don tsare ruwa da ɓera aka ƙera su, kuma abin da ya tsare ruwa ba lalle ne ya tsare iska ba. Akwai kafa tsakanin rufi da bango, akwai bakin fankar shan iska, akwai ƙofar zubarwa ta ƙasa, ga robar bakin murfi da rana ta busar ta tsage. Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce, ita ce gwajin matsi. Ana rufe ko'ina, a hura iska cikin rumbu har man da ke cikin bututun awo ya nuna bambancin milimita 25, sa'an nan a duba agogo a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya sauko zuwa rabin haka. Ƙa'idar Ostareliya ta 2010 ta ce sabon rumbu sai ya kai minti 5 kafin a kira shi mai riƙe iska. Gwaji ne da bai fi ƙarfin kowa ba, bututun roba da ɗan mai da agogo sun isa, amma a ganin mai wannan rubutu shi ne matakin da aka fi saurin tsallakewa, saboda ana tsoron amsar da zai bayar.

Babban rumbu yana da wata matsalar ta daban. Idan an ajiye ƙwayoyi a faranti bisa hatsi, iskar takan ɗauki kwanaki kafin ta gangara ƙasa, wani lokaci ma ta tsiyaye ta rufi ba ta kai ba. Shi ya sa ake sa bututu daga ƙoli zuwa gindi, da 'yar fanka mai janyo iskar sama ta tura ta ƙasa, ta riƙa kewayawa. Ana kuma dasa siraran bututu a sama da tsakiya da gindi, a riƙa zuƙo iska daga waje ana aunawa kowace rana. Ba tare da awo ba, mai turare zato kawai yake yi.

Sakamakon turare a rumbu mai yoyo ya wuce asarar hatsin wannan shekara. Baligai sukan mutu, a buɗe a ga gawarwaki a yi murna, bayan mako huɗu ko biyar kuma sababbi su fito daga ƙwan da ya tsira. Waɗanda suka tsira su ne masu juriya, su ne kuma za su haifi na gaba. A sake turarawa, a sake tace masu juriya. Binciken da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 1972 zuwa 1973 ya sami alamun juriya a kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwarin da aka gwada. A farkon shekarun 1980 aka sami juriya mai tsanani a ɗakunan ajiya na Bangaladesh, inda aka daɗe ana turare ba rufi. A 2012 masu bincike a jihar Okalahoma ta Amurka suka sami ƙwaron Rhyzopertha dominica da ya fi na asali juriya sama da sau 1,500, kuma a wannan shekarar ce masana a Ostareliya suka bayyana ƙwayar gadon da ke jawo hakan. Tun da babu wata iska mai arahar fosfin da za a koma wa, duk mai turare a buhun da ba a lulluɓe ba yana ɓata makamin da ba nasa ne shi kaɗai ba.

5.0 Inda iskar take zuwa

Iskar da ta fita daga rumbu ba ɓacewa take yi nan take ba, wani wuri take zuwa. Mu yi ɗan lissafi. Iyakar da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa mai aikin awa takwas ita ce kashi 0.3 cikin miliyan, a Tarayyar Turai kuwa 0.1 ne. Kashi 50 cikin miliyan ana ɗaukar sa a matsayin abin da ke barazana ga rai nan take. Babbar ƙwaya ɗaya, idan ta ƙare a rufaffen ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da tsayin mita biyu da rabi, za ta kai iskar ɗakin kusan kashi 24, wato sau 80 na iyakar Amurka. Uku sun haura hamsin. Rumbu mai cin tan 2,500 na masara kuwa, idan aka ba shi giram ɗaya da rabi ga kowace kubik mita, ƙwaya fiye da 5,000 zai ci. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ya sami hanya zuwa ɗakin da mutum yake, magana ta ƙare.

Fosfin ya ɗan fi iska nauyi, amma abin da ya fi juya shi shi ne bambancin zafi. Idan hatsi ya fi waje ɗumi, iskar cikin rumbu sama take yi ta fita ta rufi. Idan kuwa hatsi ya fi waje sanyi, kamar wanda aka zuba da hunturu ake turarawa da bazara, ƙasa take gangarowa, ta bi ramin da bel ɗin kwashe hatsi yake bi, ta tafi gindin injin ɗaga hatsi, ta bi bututun wayoyi zuwa ɗakin makunnai. Waɗannan wurare ne masu inuwa da sanyi, irin waɗanda lebura ke fakewa da rana, mai gadi kuma ya shimfiɗa tabarma da dare, lokacin da iskar waje ta kwanta. Wanda ya zuba ƙwaya ya san abin da ya yi, ya tafi gida. Mai gadi sau da yawa ba a gaya masa ba.

Wani rahoto da likitoci suka wallafa a Amurka a 1980 ya nuna wannan a fili. A cikin wani jirgin ruwa mai dakon hatsi da aka turara, yara biyu da ma'aikata 29 daga cikin 31 suka kwanta, yaro ɗaya ya rasu. Da aka bincika sai aka ga iskar ta fita daga ɗakin hatsi ta wata kafar wayoyi da ke kusa da bakin da jirgin ke jan iska zuwa ɗakunan kwana. Ba wanda ya taɓa ƙwayar a cikinsu. A watan Janairu na 2017 kuma, a garin Amarillo na jihar Teksas, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu bayan an sa maganin a ƙarƙashin gida don kashe ɓeraye, aka kuma kwarara masa ruwa da nufin wanke shi. Ruwan ne ya saki iskar gaba ɗaya. Wannan ya shafe mu, domin ƙwayar da aka yi don rumbun tan dubu ita ce ake samu a hannun ɗan kasuwa mai buhu goma, kuma ba abin mamaki ba ne a ga buhunan jingine a ɗakin da yara ke kwana.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, gudawa, tari da ƙuncin ƙirji. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san za a ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko kuwa an ci wani abu. Abin da ya kamata ya ta da hankali shi ne mutane da yawa su kamu lokaci guda a wuri guda, su ji sauƙi idan sun fita, ciwo ya dawo idan sun koma. Yara ne kan fara faɗuwa. Mafi muni, mutum yana iya ganin kamar ya warware, bayan awoyi ko kwana guda huhu ya cika da ruwa ko bugun zuciya ya rikice. Wannan guba ba ta da makari. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba su isa huhu ba. Abin yi shi ne a fitar da mutum sarari, a hana shi motsi mai yawa, a kai shi asibiti tare da gwangwanin maganin, a kwantar da shi a sa masa ido ko da ya ce ya ji sauƙi. Wanda kuma ya ga abokin aikinsa kwance a cikin rami, kada ya faɗa ba tare da na'urar numfashi ba, don kada gawa ta zama biyu.

Game da kayan kariya, ƙyallen hanci da takunkumin ƙura ba su tare fosfin ko kaɗan. Takunkumi mai rufe fuska duka, mai gwangwanin tace wannan iska, yana aiki har zuwa kashi 15 cikin miliyan. Abin da ya haura haka, ko wurin da ba a auna ba, sai da tukunyar iska a baya. Ba a yin aikin mutum ɗaya. Ana buɗe gwangwani a sarari, a kau da bakinsa daga fuska, domin wani lokaci yakan yi tartsatsi, a kuma sa busasshiyar safar hannu. Sa'an nan a kewaye wurin, a kafa allon gargaɗi mai ɗauke da ranar rufewa da ranar buɗewa. Allon da aka rubuta da Turanci kaɗai a farfajiyar da leburorinta Hausa suke ji, ado ne. A rubuta da boko da ajami, a zana hoto, a kuma tara mutane a faɗa musu da baki.

6.0 Ranar buɗewa

Hatsari ba ya ƙarewa da cikar kwanaki. Hatsi yana shan wani kaso na iskar, yana kuma sakin sa a hankali. Bisa ƙa'idar Ostareliya, akan shanya rumbu kwana ɗaya idan da fanka, kwana biyar idan babu, a ƙara kwana biyu kafin a ba mutum ko dabba. Na'urar awo ce ke cewa a shiga, ba kalanda ba, kuma ya kamata a sake aunawa da safe idan an kashe fanka da dare. Hatsin da aka loda a rufaffiyar mota ko tarago kafin ya gama sakin iska, masu sauke kaya a can inda za shi su ne za su shaƙe ta.

Saura hodar da ta rage a faranti. Ko a yanayi mai kyau akan sami kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na sinadarin bai gama aiki ba. A Arewa da hunturu, lokacin da laima ke yin ƙasa ƙwarai kuma hatsi ya bushe ƙayau, ƙwaya takan yi jinkirin rugujewa, ta yi fari a waje alhali cikinta da sauran rai. Wannan ne ya sa zuba ƙwaya kai tsaye cikin hatsi ya fi sa ta a faranti ko jaka hatsari, domin ba yadda za a tsince ta, kuma wanda ya ci ta, ruwan cikinsa ne zai saki iskar. Hodar da aka kwaso ba a tara ta a leda ko durom mai murfi, domin tana iya kama wuta, ba a kuma zuba ta a kwata ko juji inda kaji da yara ke tono. Wanda ya san aikin, sanye da takunkumi, shi zai kai ta sarari nesa da gidaje da rijiya, ya bar ta ta ƙarasa a buɗaɗɗen bokiti inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba, sa'an nan ya binne. Gwangwanin kuma a huda shi a murƙushe, don kada a wayi gari a gan shi a shago ana auna gishiri da shi.